Kogi Ya Kawo Ba Hadari

Edita ya daɗe yana bina bashin labarin tafiyar da na yi ƙasar Kanada ƙaro ilmi, ni kuwa kullum sai in ce masa sai gobe. Dalilin jan ƙafar shi ne, abin da ya fi cancanta in ba da labarinsa cikin tafiyar nan abin kunya ne gare ni, malami kuwa ba ya son tona asirin kansa gaban ɗalibansa. Amma da na ga 'yan ajin ƙarshe sun kusa fita koyarwa, sai na ce gara in faɗa, ko wani ya kauce wa ramin da na afka.

Zan fara da wani yaro. Shekarun baya, sa'ad da na ke koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare, na yi wa 'yan aji biyu jarrabawa, na tambaye su lokacin da kogi ya ke cika da dalilin cikarsa. Amsar da na ke so tana cikin littafin shirin darasina, da hannuna na rubuta ta: kogi ya kan cika da damina, saboda yawan ruwan sama. Duk ajin suka mayar mini da ita yadda na ba su, sai yaro guda, ɗan masunta daga wajen Yawuri. Shi ya rubuta cewa a garinsu Kogin Kwara sau biyu ya kan kawo ruwa, ɗaya da damina, ɗaya da hunturu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Na ja masa jan biro, na ba shi sifiri. Da na raba takardu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wallahi da idona na ke gani kowace shekara." Na ce masa, "Zauna. Ruwa ba hadari, daga ina zai fito?" Aji ya fashe da dariya, yaro ya zauna. Ban ƙara tunawa da maganar ba sai a wata ƙasa mai nisa, cikin dare, ruwa na bin ƙafafuna.

A watan Satumba na 2019 na sauka birnin Edmonton, a lardin Alberta. Ina cikin karatu, a watan Maris na 2020, cutar korona ta sa aka rufe makarantu, aka mai da darasi ta kwamfuta. Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifina, wanda ya ke aiki can arewa a wani gari wai shi Fort McMurray, tafiyar kilomita 430 da 'yan kai daga Edmonton. Garin ma'aikatan mai ne, gama ƙasar wurin yashi ce gauraye da wani baƙin danƙo kamar kwalta, wanda a ke tace man fetur daga cikinsa. Yaya ya bugo mini waya ya ce, "Malam, me za ka zauna yi kai kaɗai cikin ɗaki kamar mai takaba? Tattaro littattafanka ka zo."

Gidan Yaya yana tsohon gari, watau cikin kwari, inda koguna biyu suka haɗu. Babban shi ne Athabasca, ƙaramin Clearwater. Wanda ya san Lakwaja, inda Binuwai ta sadu da Kwara, ya san fasalin wurin, ko da ya ke waɗannan ba su kai namu girma ba. Gidajen ƙasar galibi suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda a ke ajiye na'urar ɗumama gida da injin wanki. Nan aka gyara mini gado da tebur. Ƙarƙashin gadon na tura akwatina, cikinsa da littattafan shirin darasi na shekara 12, waɗanda na ɗauko tun daga gida domin a kansu na ke rubuta kundin bincikena.

Ran da na fara zuwa bakin Athabasca ban ga kogi ba. Fili na gani fari fat, shimfiɗe kamar filin sukuwa. Tun wajen Nuwamba sanyi ya ke daskarar da fuskar kogin, gama a nan a kan yi daren da ma'aunin zafi zai sauka har 40 ƙasa da sifiri. Amma kada mai karatu ya zaci kogin duka ne ya ke sandarewa. Ruwa in ya daskare ya kan kumbura, ya ƙaru da wajen kashi 9 cikin 100, saboda haka ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta taso bisa, kamar yadda mu ke gani cikin kofin zoɓo. Ita ce ta ke zama murfi, ruwa kuwa yana ta tafiyarsa a ƙarƙashi da kifayensa. Murfin nan ya kan yi kauri har ya ɗauki mota. Kowace shekara a kan buɗe hanyar hunturu daga garin zuwa Fort Chipewyan, wadda ta ratsa bisa daskararrun koguna da fadamu, manyan motoci su bi da kaya, in ɗumi ya fara a rufe ta.

Maƙwabcinmu wani tsoho ne daga asalin mutanen ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. Yaran gidanmu Kaka su ke ce masa, ni ma na bi bakinsu. Saboda dokar korona ba a shiga gidan juna, sai dai mu gaisa ta kan shinge. Wajen tsakiyar Afrilu na lura kullum da safe ya kan tafi bakin kogi, ya daɗe tsaye, sa'an nan ya komo. Ran nan ya kira ni ya ce, "Ɗana, an ce a ɗakin ƙasa ka ke kwana. In kana da abin da ka ke so, hau da shi sama. Kogi ya kusa tashi." Na ɗaga kai na duba, sararin sama garau, ba ko ɗan gajimare. Na ce, "Kaka, ai ba alamar ruwa." Ya yi murmushi ya ce, "Sama ka ke duba? Kudu za ka duba." Na yi masa godiya ta ladabi, a raina kuwa ina cewa tsufa ne. Ni da na yi shekara 12 ina koyar da koguna!

'Yar autar Yaya, mai shekara 8, tana jinmu. Da muka shiga gida ta ce, "Baffa, gaskiya Kaka ya faɗa. A makaranta ma an gaya mana, in ƙanƙara ta toshe kogi, ruwa baya ya ke komowa." Na ce mata ta je ta yi aikin makarantarta. Yaya kuma ya ce shekara da shekaru yana garin, kowace bazara a kan yi ta irin wannan magana, ruwa bai taɓa shigar masa gida ba. Na riƙe maganar Yaya, don ita ta yi daidai da son raina. Fasfo da kwamfuta kaɗai na hau da su, su ma don matar Yaya ta matsa mini. Akwati kuwa na bar shi inda ya ke.

Ran Lahadi, 26 ga Afrilu, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, gari na wayewa muka ji kogi ya fashe. Muka hau mota muka je wani wuri inda a ke hangensa. Jama'a, gani ya kori ji. Farin filin nan ya tsattsage ya zama ɓaraguzai, wani kamar tabarma, wani kamar rufin ɗaki, suna tafe suna gogar juna, suna hawan juna, da wata irin ƙara kamar jirgin ƙasa na wucewa nesa. Itatuwan bakin gaɓa sai ka ga an kwantar da su kamar karan dawa. Muna nan tsaye sai tafiyar ta yi ta raguwa, ta yi ta raguwa, har ta tsaya cik. Na ce wa Yaya, "Alhamdu lillahi, abin ya lafa." Kaka yana tsaye nesa kaɗan, bai ce uffan ba, sai ya juya ya nufi motarsa da sauri. Ashe tsayawar nan ita ce masifar.

Ƙanƙarar ta cushe, ta zama madatsa, tsawon cunkoson ya kai wajen kilomita 25, watau kimanin mil 15. Ruwan Athabasca ya rasa hanya ya yi ta hawa, ya danno cikin bakin Clearwater. Clearwater kuma ya rasa inda zai zuba, ya koma da baya, ya malalo cikin kwarin da mu ke. Wayoyinmu suka yi ta kuka da sanarwar hukuma, unguwa bayan unguwa, a fita. Abin da ya fi ba ni mamaki, ruwan bai jira ya tsallako gaɓa ba. Ta cikin magudanan da aka gina don su kwashe ruwan titi su kai kogi ya biyo, ya ɓulɓulo tsakiyar gari. Kafin a zo kan unguwarmu dare ya yi. Na ce bari in sauka in ɗauko akwati. Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ba inda za ka. Akwai wutar lantarki a ɗakin nan, ruwa kuwa ya riga ya shiga." Na leƙa daga kan matakala, na hango takalmina yana yawo bisa ruwa. Da muka fito za mu shiga mota ruwa ya kai idon sawu, sanyinsa kamar ana tsaga ƙafa da aska. Mutum in ya faɗa cikin irin ruwan nan, 'yan mintoci kaɗan hannuwansa za su ƙi aiki, ko da gwanin iyo ne. Na ɗaga kai, taurari reras, ba hadari ko ɗaya. A nan ne muryar yaron nan na Yawuri ta faɗo mini a rai.

Muka hau unguwannin tudu, wani abokin Yaya ya sauke mu a gidansa. Mutum wajen 13,000 aka fitar daga gidajensu, gine-gine fiye da 1,200 suka ɓaci. Abin tausayi, shekara 4 ke nan kacal da gobarar daji ta watan Mayu na 2016, wadda ta kori mutanen garin duka, ta cinye gidaje wajen 2,400. Akwai waɗanda ba su daɗe da gama sake gini ba ruwa ya shigar musu.

Kwanakin da muka yi a tudu ba ni da aiki sai karatu da tambaya. Na nemi lambar Kaka na buga masa na ce, "Kaka, na ƙi ji, na gani. Me ka ke nufi da kudu?" Abin da ya gaya mini, da abin da na samu cikin littattafai daga baya, bakinsu ɗaya, ga shi a taƙaice.

Kogin Athabasca arewa ya ke gudu. Ya taso daga manyan duwatsun Rocky can kudu maso yamma, ya yi tafiyar kilomita 1,200 da ɗoriya kafin ya zuba cikin tafkin Athabasca. A ƙasar nan kuwa kudu ta ke riga arewa jin ɗumi. Dusar ƙanƙarar da ta yi wata da watanni tana zuba tana taruwa, ita ce daminarsu, sai dai an ajiye ta ne a ƙasa ba ta gudu. In ɗumi ya zo sai ta narke cikin 'yan kwanaki, ta gangaro kogi. Ruwa ya ƙaru a ƙarƙashin murfi, ya ɗaga shi, ya raba shi da gaɓa, ya farfasa shi, ya turo ɓaraguzan gaba. Gaba kuwa arewa ce, inda murfi ya ke nan da ƙarfinsa, bai ko fara laushi ba. Dalilin da Kaka ya ce in duba kudu ke nan.

Sa'an nan ga fasalin wurin. Kafin kogin ya iso garin yana bin gangare ne mai duwatsu, ruwa na gudu da ƙarfi. Daidai garin sai ƙasa ta baje, kogi ya yi faɗi, gudunsa ya ragu, ga tsibirai ga tarin yashi. Ku ɗauka an koro garken shanu a guje daga tudu zuwa wata ƙuntatacciyar ƙofar gari: na gaba su tsaya, na baya su hau kansu. Haka ƙanƙarar ta ke yi. Waɗansu ɓaraguzan su hau bisa, waɗansu su nutse ƙarƙashi, cunkoso ya yi ta kauri har hanyar ruwa ta ƙuntace. Shi ya sa irin wannan ambaliya ba ta ba mutum lokaci. Ta ruwan sama a babban kogi ta kan ɗauki kwanaki tana hawa, wannan kuwa cikin 'yan sa'o'i ta ke gamawa da gari. In kuma madatsar ta ɓalle farat ɗaya, ruwan da ta tare sai ya taho gaba ɗaya kan mutanen da ke gaba. Ruwan da kogin ya ke ɗauke da shi ran nan, da hanya a buɗe ta ke, da ya wuce cikin gaɓarsa lafiya lau.

Abin kuma ba sabo ba ne. Wani ɗan kasuwan fatu na kamfanin Hudson's Bay, Henry Moberly, wanda ya kafa sansanin da ya zama garin nan a 1870, ya rubuta yadda irin wannan ambaliya ta ci sansanin a 1875, da ƙyar suka tsira zuwa tudu. An sake yi a 1977, an sake a 1997. Maganar Yaya cewa ruwa bai taɓa shigar masa ba gaskiya ce, sai dai zamansa a garin ne bai kai tsawon al'adar kogin ba.

Tamu ta ƙarshen sanyi ce, amma akwai wadda ta ke zuwa tsakiyar hunturu, ita kuwa ta fi muni. Wani lokaci ɗumi ko ruwan sama ya kan ratso tsakiyar sanyi, ya fasa murfin kogi ba lokacinsa ba. Wani lokaci kuma, a daren da sanyi ya tsananta, inda ruwa ya ke gudu da ƙarfi har murfi ya kasa rufe shi, sai waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara su tsiro cikin ruwan kansa, kamar tsaki cikin kunu. Ruwa ya kwashe su ya cusa ƙarƙashin murfin da ke gaba, su manne, su yi ta taruwa ba mai gani, har su shaƙe kogin. A wani ƙaramin gari wai shi Badger, a tsibirin Newfoundland na Kanada, ran 15 ga Fabrairu, 2003, ƙanƙara ta toshe kogin Exploits, ruwa ya shigo gari, aka kwashe mutanen garin. Kafin ruwan ya janye sai sanyi ya daskarar da shi a inda ya ke, motoci da gidaje suka sandare cikin ƙanƙara.

Mai karatu zai ce, to, ba a fasa ta? A kan gwada. A ƙasar Rasha, a watan Mayu na 2001, da ƙanƙara ta toshe kogin Lena ruwa ya ci garin Lensk, har jiragen yaƙi aka tura suka yi ta jefa wa cunkoson bom. A lardin Manitoba na Kanada rigakafi su ke yi: kafin ɗumi ya zo a kan sa injuna su yayyanka murfin kogin Red, su farfasa shi, don in ruwa ya taho ya sami hanya. A garinmu ma waɗansu sun yi ta cewa a sa nakiya, amma kilomita 25 ya fi ƙarfin nakiya. Rana aka jira. Kullum a kan sanar da yadda cunkoson ya ragu, har farkon watan Mayu ruwa ya janye, aka ce mu koma. Muka yi makonni ba mu shan ruwan famfo sai mun tafasa.

Na sauka ɗakina, laka ko'ina, da wani wari da har yau ban manta ba. Na jawo akwati na buɗe. Littattafan nan na shekara 12 sun kumbura sun manne da juna, tawada ta zube, in na ɗaga ɗaya sai ya narke a hannuna kamar tuwon da ya kwana cikin ruwa. Kundin bincikena dole na sake masa hanya, karatuna ya ƙara tsawo. Wannan duk na haƙura, gama waɗansu gida sukutum suka rasa. Abin da ya tsaya mini a rai dabam ne. A bayan kowane littafi na kan rubuta sunayen 'yan aji da makinsu, sunan yaron nan yana ciki, ga shi kuwa na neme shi cikin kaina na rasa.

Gama a kwanakin nan na tudu, da na gama karanta labarin kogin mutane, sai na koma na karanta namu, na tarar yaro ya fi malaminsa gaskiya. Ruwan da ya ke sauka kan duwatsun ƙasar Gini da damina, in ya gangaro Kwara, ya kan baje cikin wata makekiyar fadama a ƙasar Mali, kafin a kai Tumbutu. Nan ya ke yin watanni yana jan ciki, ya zubar da lakarsa, sa'an nan ya wuce ta Yamai ya iso mana da hunturu. Masana labarin ƙasa suna kiransa baƙar ambaliya, don ya zo a tace, ba kamar na damina ba mai laka. Abin nan yana cikin littattafai tun kafin a haife ni, ni ne ban karanta ba. Yaro ya faɗi abin da ya gani, na ba shi sifiri, na sa aji ya yi masa dariya.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ku da za ku fita koyarwa, in kun zo darasin ambaliya kada ku koya wa yara sunan wata ko sunan lokaci ku tsaya nan. Ku koya musu tambaya biyu: daga ina ruwan ya ke zuwa, me kuma ke kan hanyarsa? Ba sai kun nemo ƙanƙara ba. Ku kai su bakin kwalbatin da ya cushe da leda da shara, su ga yadda ɗan ruwa kaɗan ya ke komowa baya ya shiga gidajen mutane. Aikin da ledar nan ta ke yi, shi ƙanƙarar Athabasca ta yi mana. In kuma yaro ya ce muku da idonsa ya gani, ko da abin ya saɓa wa littafinku, ku ajiye jan biro tukuna, ku tambaye shi ina, yaushe, wa kuma ya gani.

Wanda aikin koyarwa ya kai shi wajen Yawuri a cikinku, in ya gamu da wani saurayi ɗan masunta wanda ya taɓa cin sifiri a kan Kogin Kwara, ina roƙonsa ya gaya masa malaminsa ya ce amsarsa daidai ce, ya kuma yafe masa.

Edita, na biya bashi.